Daga Amsa-kuwwa Zuwa Taswira: Aikin da Ake Yi a Cikin Jirgin Auna Zurfin Teku

Kwantenar da ake saukewa a tashar tsandauri ta Kakuri, nan kusa da Narayi, sai da ta ratso teku kafin ta hau mota ko jirgin ƙasa ta nufo Kaduna. Ƙaton jirgin ruwan da ya shigo da ita Legas ya bi ta wata siririyar hanya ce a cikin ruwa, wadda matuƙinsa bai taɓa ganin ƙasanta da idonsa ba. Irin wannan jirgi idan ya yi lodi, cikinsa kan nutse mita 12 zuwa 14 a ruwa, wato tsayin bene mai hawa huɗu, kuma sau da yawa abin da ke tsakanin cikin jirgin da ƙasa bai kai tsayin mutum ba. Matuƙin ya dogara ne kacokan ga wasu ƙananan lambobi da aka barbaza a kan taswira: nan 15, can 13.8, gaba kaɗan 16.2. In lamba ɗaya ta yi ƙarya, jirgi ya kafe, hanya ta toshe, kaya su yi makonni a ruwa, daga ƙarshe mai sayen taya ko injin niƙa a Kasuwar Gumi ne zai biya kuɗin jinkirin.

To, daga ina waɗannan lambobi suke fitowa?

Shekara da shekaru, ofishin taswirar ruwa na Ingila ne ke buga taswirorin da jirage ke shiga tashoshin Nijeriya da su, wasu sassan ma a kan awon da aka yi tun zamanin Turawa. A watan Mayun 2021 wani sabon jirgi mai suna NNS Lana ya iso Legas. Kamfanin OCEA na Faransa ne ya ƙera wa Rundunar Sojin Ruwan Nijeriya shi, tsawonsa mita 60, kuma ba don yaƙi aka yi shi ba. Aikinsa shi ne auna zurfin ruwa da gano abin da ke kwance a ƙasan teku, a ƙasar da gaɓarta ta kai kilomita 853. Abin da za mu duba a yau shi ne aikin da ake yi a cikin jirage irinsa, daga lokacin da na'ura ta harba sauti cikin ruwa har zuwa lokacin da lamba ta cancanci hawa taswira.

Na'urar ba zurfi take aunawa ba

A da, awon zurfi bai bambanta da yadda ake gwada rijiya da igiyar guga ba. Ana ɗaura dunƙulen dalma a igiya mai alamomi, a jefa, in ya taɓa ƙasa a karanta. Har kitse ake shafawa a gindin dalmar, domin in ta fito a ga ko yashi ne ya manne ko laka. Masu kwale-kwale a Kogin Kaduna har gobe da gora suke jin zurfin ruwa, dabarar dai ɗaya ce. Matsalarta, wurin da ka taɓa kaɗai ka sani. Abin da ke tsakanin jifa biyu, sai dai Allah ya kiyaye.

Yanzu da sauti ake aiki, kamar yadda jemage ke gane hanya cikin duhu. Na'urar da ke manne a ƙarƙashin jirgi takan saki ɗan gajeren sauti, ya tafi ya bugi ƙasa, ya dawo a matsayin amsa-kuwwa. Abin da na'urar ta sani guda ɗaya ne tak: tsawon lokacin da sautin ya yi tsakanin tafiya da dawowa. Lokaci take aunawa, ba zurfi ba. Sauti na gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda a cikin ruwan teku, ninki huɗu da ɗoriya na gudunsa a iska. Idan amsa-kuwwar ta dawo bayan daƙiƙa 0.04, sai a ce sautin ya yi tafiyar mita 60, zuwa da dawowa, a raba biyu: zurfi mita 30 ke nan.

Jiragen zamani ba sauti ɗaya suke saurare ba. Na'urar da ake kira maltibim takan baza sautin ne kamar mafici, daga hagun jirgi zuwa damansa, ta saurari amsa daga kusurwoyi ɗaruruwa a lokaci guda. A ruwa mai zurfin mita 30, takan share faɗin da ya haura mita 100 a kowane bugu. Jirgin kuwa yana kai da komowa a kan layuka miƙaƙƙu, tamkar mai huɗa da shanu, kowane layi yana ɗan hawa kan na kusa da shi don kada a bar gurbi. Mu ɗauka na'urar na sauraron kusurwa 400, tana bugu sau 10 a daƙiƙa. Awo 4,000 ke nan a daƙiƙa, sama da miliyan 14 a awa guda. Kuma a cikin miliyoyin nan babu ko ɗaya da ya isa a kira shi zurfi tukuna. Ɗanyen kaya ne, sai an gyara.

Ruwa ba iri ɗaya ba ne

Gyara na farko, kuma wanda ya fi ba ma'aikata ciwon kai, shi ne gudun sautin kansa. Wancan 1,500 da muka yi lissafi da shi ƙiyasi ne kawai. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi saurin kai sauti, mai gishiri ya fi marar gishiri, kuma nauyin ruwan da ke sama ma yana ƙara gudun yayin da ake nutsawa. A ruwan tekunmu mai ɗumi, gudun kan kai 1,540 a sama-sama. Koma kan lissafin ɗazu ka sa 1,540 a madadin 1,500, za ka sami mita 30.8. Santimita 80 sun shigo daga canza lamba ɗaya.

Abin bai tsaya nan ba. Ruwan teku hawa-hawa ne. A Mashigin Tekun Gini, saman ruwa na da ɗumi, amma da an nutsa 'yan gomomin mita sai sanyi ya karɓe shi farat ɗaya. Idan sauti ya ratsa daga wani hawa zuwa wani a karkace, lanƙwashewa yake yi, kamar yadda cokali ke bayyana a karye in ka tsoma shi a kofin ruwa. Sautin da ya sauka kai tsaye ƙarƙashin jirgi ba ya lanƙwasa, amma na gefe-gefe, waɗanda suka tafi a kishingiɗe, su ne suke shan wahala. Ba a inda na'ura ta zata suke bugun ƙasa ba.

Saboda haka lokaci-lokaci akan zura wata 'yar na'ura da igiyar ƙarfe daga sama har kusa da ƙasa, ta auno gudun sauti a kowane mataki. Da wannan bayani manhaja ke bin sawun kowane sauti, ta sake zana lanƙwasasshiyar hanyar da ya bi. In aka yi amfani da tsohon awo alhali ruwa ya canza, ƙasa shimfiɗaɗɗiya sai ta fito a allon kwamfuta gefunanta sun tashi sama ko sun rusuna. Ma'aikatan suna da sunan da suke kiran abin: in gefuna sun tashi su ce ƙasa ta yi murmushi, in sun rusuna su ce ta ɗaure fuska. Ko wanne aka gani, an san akwai gyara.

A bakin ruwan Legas da mashigan Neja Delta lamarin ya fi tsanani, domin nan ne ruwan kogi ke karo da ruwan gishiri. Bambancin gudun sauti tsakanin su biyun ya kusa mita 40 a daƙiƙa, kuma iyakarsu ba a tsaye take ba, tana matsawa da awa-awa, ta kuma canza tsakanin damina da rani. Wani abin sha'awa, ruwan saman da ya sauka a kwatocin Narayi da Barnawa, in ya gangara Kogin Kaduna, ya bi ta Shiroro ya faɗa Kwara, yana cikin ruwan da ke rikita wa mai awo lissafi a can bakin teku. Awon gudun sautin da aka yi da hantsi ba lalle ya yi aiki da la'asar ba.

Jirgi ba ya zama wuri ɗaya

Gyara na biyu ya shafi motsin jirgi. Jirgi a kan teku yana tangaɗi hagu da dama, yana sunkuyar da kai yana ɗagowa, igiyar ruwa na ɗaga shi tana sauke shi. Duk inda ya karkata, maficin sautin nan ya karkata tare da shi. Ka ɗauki sautin can gefe, wanda ke bugun ƙasa mita 50 daga jirgi. In jirgin ya karkata da digiri 1 kacal ba a lissafa ba, kuskuren zurfi a wannan wuri ya kusa santimita 90. Digiri 1 fa, abin da wanda ke tsaye a jirgin ba zai ma ji a jikinsa ba.

Don haka akwai wata na'ura da ke auna kowane irin motsi sau da dama a cikin daƙiƙa, akwai mai nuna inda goshin jirgi ya fuskanta, ga kuma GPS, wanda ba irin na wayarka ba ne, domin ana turo masa gyara ta tauraron ɗan'adam har kuskurensa ya sauko zuwa 'yan santimitoci. Dukkansu dole su yi aiki da agogo ɗaya. Jirgin awo kan yi tafiyar kamar mita 4 a daƙiƙa. In agogon wata na'ura ya yi lattin rubu'in daƙiƙa, kowane dutse zai matsa mita guda daga mazauninsa. Haka kuma tazarar da ke tsakanin eriyar GPS da ke can saman jirgi da na'urar sauti da ke ƙarƙashinsa, an auna ta dalla-dalla an shigar wa kwamfuta. Kafin a fara aiki ma sai an yi gwaji: a bi ta kan wani gangare ko wani abu sananne, a juyo a sake bi ta kansa daga ɗaya ɓangaren. In hotunan biyu ba su hau kan juna ba, akwai 'yar karkata a yadda aka ɗaura na'urar, sai a lissafa ta a cire.

Sai kuma cikar teku da janyewarsa. Wata da rana na jan ruwa, ya cika ya janye sau biyu a kusan kowace rana. A Legas bambancin kimanin mita 1 ne, a Kalaba kuwa yana kusan mita 3. Wuri ɗaya, awon safe daban, na rana daban. Shi ya sa ake kafa ma'aunin ruwa a gaɓa yana rubuta tsayin teku dare da rana, sannan a rage wa kowane awo gwargwadon cikar da teku ya yi a daidai lokacin da aka ɗauke shi. Ma'aunin da ake komawa gare shi yawanci shi ne mafi ƙarancin matakin da ruwa kan janye ya kai. Ma'ana, lambar da ke kan taswira ita ce ruwan da matuƙi zai samu a ranar da teku ya fi rowa.

Ɗakin tsince

Bayan an haɗa duk waɗannan, sai a sami abin da ya yi kama da gajimaren ɗige-ɗige, kowane ɗigo da wurinsa da zurfinsa. A nan aiki ke komawa wani ɗaki mai sanyi a cikin jirgi, cike da alluna, inda ma'aikata ke karɓa-karɓa ba dare ba rana. Manhajojin da aka fi sani a wannan fanni su ne CARIS ta ƙasar Kanada da Qimera ta Holan, akwai kuma MB-System wadda kyauta ce, masu bincike na jami'o'i sun fi amfani da ita.

Ba kowace amsa-kuwwa ce ta fito daga ƙasa ba. Garken kifi na mayar da sauti. Kumfar da farfelar jirgi ke tayarwa na mayarwa. Injin wani jirgi da ke wucewa na iya cusa ƙararsa. Duk waɗannan kan fito a allo kamar ƙura a saman ƙasa ko ƙarƙashinta. A da, mutum ne ke bin layi-layi yana gogewa da hannu, har ya zama awon yini guda na iya cin kwanaki ana tsincewa. A farkon shekarun 2000, Brian Calder na Jami'ar New Hampshire a Amurka ya fito da wata dabarar lissafi mai suna CUBE. Ita wannan dabara takan raba ƙasan teku gida-gida kamar dara, ta duba duk awon da ya faɗa kowane gida tare da gwargwadon amincinsa, ta fitar da zurfin da ya fi rinjaye. Inda ta ga awo ya rabu biyu, wasu na cewa mita 20 wasu na cewa 14, sai ta ajiye duka biyun ta sa alama, wato a zo a duba.

Wannan dubawar ita ce zuciyar aikin baki ɗaya. Mai tsince shinkafa tsakuwa yake nema ya zubar. Mai tsince awo kuwa, tsakuwar ce abin nemansa, tsoronsa shi ne kada ya zubar da ita cikin ƙaiƙayi. Ka ga ɗigo biyar ko shida sun miƙe sama a siririn layi, mita shida daga ƙasa. Kifi ne? Ko kuwa sandar wani jirgi ce da ya nutse shekaru arba'in da suka wuce? A allo kusan kamanninsu ɗaya. Ruwan Legas kuma, kowa ya sani, cike yake da gawarwakin jirage. In ya bar ɗigon alhali kifi ne, ya sa wa taswira haɗarin da babu shi, manyan jirage su riƙa rage lodi ko kewaye a banza. In ya goge alhali ƙarfe ne, ya haƙa wa wani rami.

Ƙwararre ba ya yanke hukunci da kallo ɗaya. Zai buɗe layin da ke maƙwabtaka, wanda aka bi bayan rabin awa: in abin yana nan daram a wuri ɗaya, ba kifi ba ne, kifi ba ya jira. Zai duba ƙarfin amsa-kuwwar, domin ƙarfe da dutse sun fi laka mayar da sauti. Zai duba hoton wata na'urar da ake ja a bayan jirgi, wadda ke haska ƙasa daga gefe, abu mai tsayi ya fito da inuwarsa. In duk da haka shakka ba ta gushe ba, sai ya ɗaga waya ya kira ɗakin tuƙi: a juya, a sake bi ta kan wurin a hankali.

Dalilin da ya sa ake wannan aiki a cikin jirgi ke nan, ba a bari sai an koma ofis ba. Gurbin da aka gano yau, komawa kansa aikin awa guda ne. Wanda aka gano bayan wata biyu a Legas, sai an sake shan mai, an sake tara ma'aikata, an jira yanayi, in ma kasafin kuɗi ya yarda. A ganina, duk tsadar na'urorin da ke cikin jirgin, babu abin da ya kai wannan dama ta cewa "a koma" daraja. Haka nan in aka ci karo da haɗari na gaske a kan hanyar jirage, ba a jiran taswira ta fito. Nan take ake aika rahoto domin a yi wa matuƙa gargaɗi ta rediyo.

Wace lamba ce ke hawa taswira?

Akwai ƙa'ida. Hukumar kula da awon ruwa ta duniya, wadda aka kafa a 1921 kuma take da mazauni a Monako, ta fitar da kundi mai suna S-44 da ya fayyace iyakar kuskuren da aka yarda da shi. A tashoshi da hanyoyin da cikin jirgi ke kusa da ƙasa, a zurfin mita 15, kuskuren bai kamata ya wuce kimanin santimita 27 ba, kuma dole awon ya iya gano abu mai girman mita 1 a kowane gefe. Domin tabbatarwa, akan ja wasu layuka da ke gitta na asali, a gwada ko inda suka haɗu lambobinsu sun yi daidai.

Taswira ba za ta ɗauki ɗigo miliyan ɗari ba, dole a zaɓa. Kuma ba matsakaici ake ɗauka ba. In wuri yana da 16 da 15.5 da 13.8, to 13.8 ce za ta hau, domin jirgi da tudu yake karo, ba da matsakaici ba.

Abin da ya sami jirgin fasinja na Queen Elizabeth 2 a watan Agustan 1992, a gaɓar jihar Masacusets ta Amurka, ya nuna abin da gurbi ke haifarwa. Taswira ta nuna ƙafa 39, cikin jirgin kuwa ƙafa 32 ne a ruwa. Amma awon wurin tun na 1939 ne, lokacin da ake auna layi a bar abin da ke tsakani, kuma akwai duwatsu da suka fi haka tashi waɗanda layukan ba su bi ta kansu ba. Ga shi jirgin na sharara gudu, gudu a ruwa marar zurfi kuwa na ƙara nutsar da cikin jirgi. Duwatsun suka farke shi, aka kwashe fasinjoji, ya tafi gyara. Shi ya sa taswirorin yanzu ke nuna wa matuƙi shekarar da aka auna kowane yanki da kuma irin amincin awon. A duniya baki ɗaya, zuwa 2023, kimanin kashi 25 cikin ɗari ne kawai na ƙasan teku aka auna da na'urorin zamani, a lissafin shirin Seabed 2030.

A ruwanmu akwai ƙarin matsala: ƙasar kanta tafiya take yi. Dutse na zama inda aka bar shi, yashi kuwa ba ya zama. Mashigar Eskrabos da ke kai jirage Warri ta daɗe tana cikewa, a yashe ta sake cikewa. A Kogin Kwara, inda sojin ruwa suka auna hanyar jirage daga Lakwaja zuwa Burutu, ambaliyar shekara guda ta isa ta kwashe tudun yashi daga wannan gaɓa ta kai shi waccan. Madatsun ruwa irin su Shiroro da Kainji ma laka na taruwa a ƙasansu a hankali, tana rage ruwan da suke riƙewa, kuma da irin wannan na'ura, a kan ƙaramin jirgi, ake gane nawa ta cinye. A ruwan kogi babu cikar teku, amma matakin ruwa na hawa da sauka da damina da kuma buɗe ƙofofin dam, don haka shi ma sai an kafa ma'auni a gaɓa, an rubuta ranar awo da sa'arsa, sannan a dawo bayan 'yan shekaru a sake bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya a gwada da na baya.